Ranar Da Dokina Ya Hau Sikeli

Sana'ata zane ce, amma ba irin wanda ake zana fuskar Alhaji a saka a firem a rataye a falo ba. Ni abin da mutane suka yar nake bi: marfin lemo, sarƙar keke, fitilar ƙwai da ta mutu, silifas ƙafa ɗaya. In haɗa su, in ɗaure da waya, in bi da fenti inda ya kamata. Tsohuwar langa da ta gaji da tuwo tana da wani launi na tsatsa da ɓamɓarewa wanda ba za ka samu a kowane shagon fenti na Sabon Gari ba, shi nake nema. Kasuwata tana ci ne bayan an ɗauke ruwan sama, lokacin da lambatu ke amayo dukiya.

Matsalar ita ce a cikin birnin Zariya babu sirri. Wata mata ta hango ni a ƙarƙashin gadar Kwangila da buhu a kafaɗa ina tonon bola, kafin in iso Ƙofar Doka labari ya riga ni gida. Inna ba ta ce mini uffan ba. Sai dai kununa ya fara ɗanɗanon rubutu, ɗakina kuma kullum a turare da hayaƙin da ban san wanda ya kunna ba.

Daga baya Kawu ya kira ni zaure.

"Ɗana, faɗa mini gaskiya, me kake ji a jikinka?"

Na gyara zama na zuba masa karatu. Na ce a garin nan, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka ce ba dole sai ka kwaikwayi Bature ba, ka duba abin da ke gabanka. Na ce shi kansa Picasso, shahararren mai zanen nan na Turai, a 1942 sirdin keke ya haɗa da kan keke ya fitar da kan bijimi. Na kawo El Anatsui, mutumin Ghana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, wanda ke ɗinke marafan kwalba da wayar jan ƙarfe su zama kamar ƙaton mayafi, manyan gidajen tarihi na duniya suna rububinsu.

Kawu ya ce, "Marfin kwalbar me?"

Na ɗan yi jim. "Ta giya, Kawu."

"Inna lillahi! Ashe abin har ya kai can." Daga ranar aka ƙara yawan rubutun.

Duk da haka na ci gaba da aikina, dokin hawan sallah. Haƙarƙarinsa sifokin keke, gezarsa sarƙar babur, jalalarsa marafan lemo da na daddaƙe na jera ja da kore, idanunsa kuma maɓallan tsohuwar rediyon Baba. Wani mai baje kolin zane a Kaduna ya ga hoton a WhatsApp ya ce in kawo. Na jingine shi a bayan ɗakin girki ya sha iska, na tafi sayo fanis.

Na dawo na tarar da wurin an share tas, har da yayyafin ruwa. Inna tana zaune tana sha'awar sababbin robobi biyu da bokiti.

"Inna, ina dokina?"

"Wane doki? Tarkacen nan? Allah ya kawo ɗan jari-bola ya raba mu da shi. Har cewa ya yi roba ɗaya, na ce ban yarda ba."

Ban san lokacin da na tare ɗan acaɓa ba. Muka bi wuraren 'yan gwangwan ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ko an ga doki, suna nuna mini hanyar Fada. A Tudun Wada na same shi, rataye a sikeli ƙafafu sama, wani yaro da filaya ya riga ya fara zare wayar jan ƙarfen, don ita ce mai tsada.

Na ce da mai wurin kayana ne. Ya ce ba ya musu, amma ya riga ya biya, in ina so sai in saya. Na fara yi masa bayanin fasaha da watannin da na yi a kai. Ya saurara da ladabi, ya ƙwanƙwasa cikin dokin da yatsa.

"Malam, ni kilo na sani. Fentin nan ma da ka shafa rage masa daraja ya yi."

Haka na sayi aikina da kuɗin fanis da na mota zuwa Kaduna, wutsiya kuma aka ce ta riga ta bi wata tirela. Ina ɗora shi a Keke Napep mutumin ya biyo ni yana gyara hula.

"Karɓi lambata, Malam. In za ka sake yin wani, ka daure ka yi raƙumi, ka kuma sa masa rodi."