Lambar kai ƙara kaɗai ba ta isa ta kare mace a ramin ma'adinai ba

Wani labari da na karanta ya nuna kamar buɗe lambar wayar kai ƙara ya magance cin zarafin mata a ramukan ma'adinai na Afirka ta Kudu, ni kam ban gamsu ba. Tun 1996 doka ta ba mata damar sauka ƙarƙashin ƙasa, amma tsarin ramin don maza aka yi shi. A kejin da ke sauke ma'aikata cunkusa mutane ake yi, jiki na gugar jiki cikin duhu, nan taɓe-taɓen ke farawa. Rigar aikin haɗe take da wando, sai mace ta kusa tuɓewa kafin ta kama ruwa, ga banɗakin can nesa, wani ko sakata babu. Malam mai cewa in an ci zarafin mace ta kai ƙara mana, wurin wa? Shugaban da alawus ɗinta ke hannunsa? A daina tura mace ita kaɗai cikin tawagar maza, a sa fitila da kyamara a keji, a raba riga da wando, binciken ƙara kuma a damƙa shi ga wanda manajan ramin ba zai iya kora ba.