Biyan kuɗin asibiti kaɗai ba shi ne jinya ba

Maza 'yan uwana yau da ku nake, musamman wanda matarsa ko mahaifiyarsa ko ƙanwarsa ke fama da sankarar mama. Da yawanmu mun ɗauka in dai mun biya kuɗin gwaji da na magani toh mun sauke namu nauyin, saura kuma mata su ji da shi a tsakaninsu. Ban raina kuɗin ba fa, duk wanda ya taɓa jinyar mai sankara, wato kansa, ya san yadda take cinye abin hannu. Amma namijin da bai san sunan maganin da ake ɗura wa matarsa ba, bai san zagaye na nawa take a kemo ba, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake ɗurawa zagaye-zagaye, bai taɓa shiga ya zauna gaban likita tare da ita ba, gaskiya rabin jinya yake yi.

Ga dalilina. Kemo yana karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta a jiki, sun fi yin ƙasa kamar kwana 7 zuwa 14 bayan an yi shi, shi ya sa in zafin jikinta ya kai 38 a irin wannan lokacin ba maganar ta sha farasitamol ta kwanta zuwa safiya ba ce, asibiti za a nufa ko ƙarfe biyun dare ne. Toh waye a kusa da ita ƙarfe biyun dare in ba kai ba? In ba ka san wannan ba ai sai ka lulluɓe ta da bargo kana ta jera mata sannu. Haka ranar da likita zai faɗi sakamako, daga an ambaci kalmar kansa mai ciwon ba ta ƙara fahimtar komai, hankalinta ya tafi kan 'ya'yanta, kai ya kamata ka riƙe biro ka rubuta, ka tambaya mataki na nawa ciwon yake, tiyata za a fara ko kemo, za a gasa wurin da na'ura bayan nan ko a'a.

Sai maganar da ba ma son yi. In an cire mata nono, gashin kanta ya zube har da gira, wallahi fuskarka take karantawa fiye da madubi. Kai ka yi shiru ne don kana tsoron faɗin abin da zai sa ta kuka, ka kau da kai in tana sauya kaya don kar ta ji kunya, ita kuma abin da ta fahimta shi ne ƙyamarta kake. Kuma tsoron nata ba daga sama ya faɗo ba. Wani bincike da mujallar Cancer ta buga a 2009 kan marasa lafiya 515 masu manyan cututtuka ya nuna in mace ce ba lafiya kusan kashi 21 cikin 100 na auren ya mutu, in namiji ne kuwa kusan kashi 3 kacal. A Amurka aka yi shi, kuma ba kan sankarar mama kaɗai ba, amma ni dai da na ji alƙaluman nan kunya ta kama ni a matsayina na namiji.

Ni a ganina inda ake gane namiji ma ba lokacin tiyata ba ne, lokacin nan kowa na zuwa dubiya waya na ta ƙara. Bayan nan ne, in ƙafa ta ɗauke kowa ya ce ai ta warke, alhali wasu za su ci gaba da shan tamoxifen, ƙwayar maganin rage haɗarin dawowar ciwon, kullum shekara 5 har zuwa 10, ga zufa cikin dare ga saurin fushi ga sha'awa ta ja baya, wata kuma hannunta na ɓangaren da aka yi aikin ya dinga kumbura. A nan wasu ke gajiya su ajiye maganin a ɓoye, in ba ka bibiya ba za ka ma sani ba.

Shi ma mai jinyar fa mutum ne. Kowa ya gan shi sai "ya mai jiki?", ba mai cewa kai ya kake, barci ma kana samu kuwa? Ya yi ta cijewa don an ce namiji ba ya kuka, har hawan jini ya kama shi. Abokai don Allah ku daina "in kana buƙatar wani abu ka faɗa", ba zai faɗa ba. Ka ɗauko masa yara daga makaranta, ka karɓe shi zaman asibiti na yini ɗaya, ko ka zauna ka saurare shi ba tare da ka kawo masa labarin wani mai maganin da ke warkar da sankara cikin sati biyu ba.

Ku kuma 'ya'ya maza da yayye masu jin nauyin ko ambatar wurin, ciwon nan ya shafe ku kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da shi, kuma kusan 1 cikin 100 na masu kamuwa maza ne. Ƙwayar gadon da ake kira BRCA ma, wadda in tana da matsala take ƙara haɗarin kamuwa da ciwon, uba na iya ba wa 'yarsa ita kamar yadda uwa ke bayarwa. In ciwon ya yi yawa a danginku, ko ya kama wata tun tana da ƙuruciya, a gaya wa likita ya duba ko akwai buƙatar sauran 'yan gidan su yi gwaji, har da ku mazan.