Ba kitse kaɗai ba, akwai na gado

Wani rahoto ya ce a rage kitse da man shanu don kare jijiyoyin zuciya. Gaskiya ne, amma akwai haɗarin da ake gadonsa. Furotin ɗin Lp(a) mai dakon kitse a jini, daga iyaye ake gadon yawansa, kuma ya fi yawa a jinin baƙar fata. Idan ya haura 50 mg/dL a awon jini, haɗarin toshewar jijiya na ƙaruwa ko da mutum siriri ne. Rage maiƙo ba ya sauke shi, maganin statin mai rage kitsen jini ma haka, sai dai a dage wajen rage LDL (wato mugun kitsen jini) da hawan jini, a bar taba. 'Yan uwa a Gombe, wanda mahaifinsa ya yi bugun zuciya kafin shekara 55, don Allah ya gaya wa likita a auna masa Lp(a). Awo ɗaya yawanci ya isa.