"Jama'a ce ta matsa mini": tsohuwar dabarar Richad na Uku

Duk lokacin da kakar siyasa ta ƙarato a Gombe, akwai maganar da ba ta wuce mu: "Ni ban nema ba, jama'a ce ta matsa mini." Sai ka ga ƙungiyar da jiya babu ita ta tara 'yan jarida, ta ce ta yi karo-karo ta saya wa wane fom, shi kuma wane ya sunkuyar da kai ya ce zai yi istihara tukuna. Na daɗe ina koyar da adabin Ingilishi a sakandare, kuma duk sanda na ga haka sai Richad na Uku ya faɗo mini a rai, wato mugun da ke cikin wasan kwaikwayon da Shekisfiya ya rubuta wajajen 1592.

Richad ƙanen Sarki Edwad na Huɗu ne na Ingila. Tsakaninsa da gadon sarauta akwai wansa Kilarens, akwai kuma 'ya'yan sarki maza biyu. Ya haɗa Kilarens da sarki, aka tsare shi a Hasumiyar Landan, sannan ya tura aka kashe shi a can. Da sarki ya rasu, sai ya sa aka sare kan Hestins, basaraken da ya ƙi yarda a ƙwace wa yaran gadonsu.

Wurin da nake tsayawa da ɗalibai shi ne kashi na uku na wasan. Bokinham, na hannun daman Richad, ya tafi zauren birnin Landan ya shaida wa mutane cewa 'ya'yan marigayi ba na halak ba ne, don haka Richad ya cancanta. Mutane suka yi tsit. Aka maimaita musu, ko tari babu wanda ya yi. Can a ƙarshen zaure sai yaran Bokinham, su kamar goma, suka jefa huluna sama suna kirari, shi kuwa nan take ya yi godiya ya ce ga muryar gari. Daga nan ya shirya wa Richad yadda zai fito: ya riƙe littafin addu'a, ya tsaya tsakanin limaman coci biyu, kuma kada ya amsa da wuri. Magajin gari ya zo da mutanensa aka yi ta roƙo, Richad yana cewa shi bai isa ba. Bokinham ya yi kamar ya fusata ya fice, aka kirawo shi, sannan Richad ya karɓa. Har ya gindaya sharaɗi: in wani abin kunya ya biyo baya, tilascin da kuka yi mini ya wanke ni.

Wannan sharaɗin shi ne ya fi ci mini rai. Son mulki ba laifi ba ne. Wanda ya fito fili ya ce ina so, ga abin da zan yi, ya ba ka igiyar da za ka kama shi da ita gobe. Wanda ya ce dole aka yi masa kuwa ya kuɓuce tun kafin a rantsar da shi, domin a ganinsa alfarma ya yi muku, ba bashi ya ci ba.

Ana yawan jinjina wa wayon Richad, amma ni ban ga ya yaudari kowa a Landan ba. Akwai wani magatakarda da ke fitowa shi kaɗai na ɗan lokaci, riƙe da takardar tuhumar Hestins. Ya ce awa 11 ya yi yana kwafe ta, alhali awa 5 da suka wuce Hestins yana yawonsa, ba wanda ya tuhume shi. An rubuta hukunci kafin a ƙirƙiro laifi ke nan. Sai ya tambaya: wane ne daƙiƙin da bai gane wannan ƙulli ba, kuma wane ne mai ƙarfin halin da zai ce ya gane? Tsoro da shirun masu gani ne suka ɗora Richad, tare da murya goma da aka ƙirga a matsayin gari guda.

Wani zai ce ai sharri aka yi wa mutumin. Akwai ƙamshin gaskiya. Henri na Bakwai, wanda ya ci Richad da yaƙi a 1485, kakan Sarauniya Elizabet ce ta Ɗaya, wadda a zamaninta aka rubuta wasan, kuma kowa ya san mai nasara ke ba da labari. Ƙasusuwan da aka tono a birnin Lesta a 2012 sun nuna karkacewar ƙashin baya, ba dodon da aka zana ba. Ni kaina ba na son yadda wasan ya ɗaura mugunta a kan nakasa, kuma ina faɗa wa ɗalibai haka. Sai dai ko an zalunci Richad na tarihi, dabarar da aka nuna ta gaskiya ce, don muna ganin ta da idonmu.

Saura Bokinham. An yi masa alkawarin sarautar Herifod. Da Richad ya hau ya nemi a kashe yaran nan biyu, sai Bokinham ya ɗan ja da baya. Da ya zo tuna alkawari, sarki ya riƙa tambayarsa ƙarfe nawa, ƙarshe ya ce yau ba ya jin yin kyauta. Bokinham ya gudu, aka kamo shi, aka kashe. Nakan tuna shi idan ana zancen 'yan Kalare a nan Gombe ko Sara-suka a Bauchi, matasan da ake cika wa ciki da alkawari don su zama muryar jama'a a filin taro. Kwanakin baya na haɗu da wani tsohon ɗalibina a Pantami, da tabon sara a dantse. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, tun ranar rantsuwa ban sake ganin mai gida ba, a bakin ƙofa ake tsayar da mu." Yanzu kuma an fara kiransu taro saboda zaɓen 2027, kuma ya ce mini zai je.