Gwaggo ba mutuwa take roƙo ba

Kwana biyu ke nan ina ganin ana cacar baki a kan dokar da ta ba likita damar yi wa majinyacin da aka fid da rai da shi allurar mutuwa idan shi ya nema. Holan ce ta fara aiki da ita a 2002, Beljiyam ta biyo baya a wannan shekarar, har a 2014 ta shigar da yara ciki. Kanada ta yi tata a 2016, Sifen a 2021. Mutanenmu kuwa kowa sai ya rubuta "haramun ne" ya wuce abinsa.

Ni ma a nan nake. Allah ya ce kada mu kashe kanmu, yana nan a Suratun Nisa'i, Annabi (SAW) ma ya hana mutum ko burin mutuwa saboda cutar da ta same shi. Amma wallahi duk wanda ya taɓa kwana a gefen mai ciwon daji (kansa) ya san faɗin "haramun ne" kaɗai ba ya sa majinyaci barci.

Gwaggona ta yi jinyar kansar mama a gidanmu nan Garwa, arewacin Kamaru. Mun sayar da shanu biyu, muka hau mota zuwa Gaundare, muka kwana a jirgin ƙasa har Yawunde. Likita ya duba ya ce an makara. "Ku mayar da ita gida, ku ci gaba da addu'a." Muka dawo da takardar magani wadda babu komai a ciki sai farasitamol. Watan Afrilu ne, kun san zafin garin nan. Zane yakan manne da gyambon, sai an jiƙa shi da ruwan ɗumi ana ɓamɓarewa a hankali, ita tana cije da bakin mayafinta don kada jikoki su ji kukanta. Wani dare ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, ka roƙa mini Allah ya ɗauke ni, na gaji, kuma na zame muku kaya."

Da muna da irin waccan doka, a daren nan za ta sa hannu. Ina da yaƙinin haka.

Bayan kwana shida wata ma'aikaciyar jinya, Allah ya saka mata da alheri, ta taimaka aka samo mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, daga kudu da takardar likita. Gwaggo ta yi barci har hantsi. Da ta farka kunun gyaɗa ta nema. Ta yi taimama ta rama sallolinta, ta kira 'ya'yanta ta faɗi wanda take bin bashi da wanda yake binta, ta yafe wa kishiyarta. Ta ƙara kwana goma sha tara, ban sake jin maganar mutuwa a bakinta ba sai kalmar shahada.

Wannan kalma ta "na zame muku kaya" ita ce ta fi tsorata ni. A ƙasar da iyali ke biyan kuɗin kowace allura da kowane kwana a gadon asibiti, tsohuwar da ke kallon ana sayar da shanun 'ya'yanta za ta zaɓi mutuwa don kunya da kara, a rubuta cewa ra'ayinta ne.

Ga abin takaici: tiramol kamar gyaɗa yake a hannun samari a bakin tasha, amma mofin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin magungunan da bai kamata a rasa ba, sai ka yi kamun ƙafa. Yuganda ba ta fi mu arziki na a zo a gani ba. Tun 1993 wata likita, Anne Merriman, ta fara kai wa masu ciwon ajali ruwan mofin mai araha har gida, a 2004 gwamnati ta yarda ma'aikatan jinya da aka horar su riƙa rubuta shi. Me ya hana mu? Ina roƙon limamanmu su yi huɗuba a kai, don har yanzu akwai masu ganin shan irin wannan magani rashin tawakkali ne.

Yanzu haka wani maƙwabcinmu dattijo yana kwance da kansar hanta, kwana uku bai runtsa ba. Don Allah wanda ya san likita a Garwa ko Marwa da ke kula da masu irin wannan jinya, ya yi mini magana ta akwatin saƙo yau.