A dasa turare, amma kada a sare ɗorawa saboda shi

Duk wanda ya ratsa kasuwar katako a Kano ko Kaduna ya ga sandunan turare a jingine, dogaye, miƙaƙƙu, magina na tayawa. Da su ake tokare rufin bene kafin siminti ya bushe, da su ake kafa rumfa da shinge. Bishiyar turare, wadda ake kira eucalyptus da Turanci, daga Ostiraliya ta fito, amma ta zauna da gindinta a gandun dajin Afaka da ke kusa da Kaduna, da kuma layukan kare iska da aka dasa a Kano da Jigawa.

Ba na cikin masu tsine mata. Tana saurin girma, in an sare ta kututturen ya sake tohowa, kuma duk sandar turare da ta hau rufi ta rage saran giginya don yin azara. A Habasha, inda Sarki Menelik ya shigo da ita Addis Ababa a shekarun 1890, manomi kan bar 'yan bishiyoyi a bayan gida tamkar asusu: ranar biki ko rashin lafiya ya sare, ya sayar.

Damuwata ita ce inda ake dasa ta, da kuma wanda ke da ita. Idan aka share daji domin a jera turare, a takarda za a ce an ƙara bishiyoyi, amma matar ƙauye ta san abin da ta rasa. Ɗorawa ce ke ba ta kalwar daddawa, kaɗanya man kaɗe, kuka kuma miyar dare. Na taɓa tsayawa cikin irin wannan gandu da rani: ƙasa a shafe da busasshen ganye mai ƙamshi, ciyawa ƙalilan, akuya ta sunsuna ta wuce. Makiyayi ba shi da abin da zai kakkaɓo wa dabbobinsa. Manomin da gonarsa ke jikin layin kuwa zai nuna maka yadda geron kunyoyin farko ke tsumburewa, saboda saiwar turare ta riga shi shan ruwan. Ga shi kuɗin sandar ba aljihunsa zai shiga ba, tunda gandun na hukuma ne, kuma in ya shiga da gatari ya zama mai laifi.

Maƙwabtanmu na Maradi da Damagaram sun bi wata hanya. Tun shekarun 1980 suka rungumi sassaben zamani: maimakon tumɓuke kututture, sai a bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a riƙa gyarawa. An ƙiyasta bishiyoyi miliyan 200 ne suka dawo a kan hekta miliyan 5, da yawansu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana. Abin da ya sa aikin ya ɗore shi ne manomi ya tabbata bishiyar tasa ce.

Don haka jihohin da ke cikin shirin babbar ganuwar bishiyoyi, wato shirin dashen itatuwa don tare hamada, su ware wa turare fako da wuraren da zaizaya ta cinye, nesa da fadama da rijiyoyi. A raba dashen ga manoma da ƙungiyoyin mata, a ba su takardar da ta ce su ne za su sare su sayar, sannan a hana taɓa duk ɗorawa ko kaɗanyar da aka tarar a filin.