Jarumta ba takobi kaɗai ba ce

Wani marubuci ya ce sai yanzu da ake sake rubuta tsofaffin tatsuniyoyin Turawa a matsayin littattafan tsafi da aljanu ne mace ta zama jaruma, wai da can zama take yi tana jiran ɗan sarki. Ban yarda ba. Ko a tatsuniyoyin da 'yan uwa biyu Grimm suka tattara a Jamus a 1812, yarinya Gretel ce ta tura mayya cikin tanda ta ceci ɗan'uwanta. Shaharuzad ta Dare Dubu da Ɗaya kuwa da baki kawai ta hana sarki yanka mata. Mu ma da dare a tsakar gida, kakata na "ga ta nan, ga ta nanku", sau nawa yarinya ta yi wa Dodo wayo ta kuɓuta? Abin da ke damuna da sababbin littattafan, sai a miƙa wa yarinya takobi da sihiri a ce shi ke nan ta yi ƙarfi.